Ranar da Tudun Marke Ta Ƙoshi da Ruwa

Tun da na dawo daga Gwarzo 'yan majalisarmu ta bakin shago suka hana ni sakat. Wanda ya zo karɓar katin biki sai ya tambaya, wanda ya zo shan inuwa sai ya tambaya, har Habu mai shayi, da bai taɓa wuce Janguza ba, ya ce in ba shi labarin ƙasashen waje. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru, sana'ata buga alluna da ƙyallayen sanarwa a Kano. Duk allon da ka gani a bakin titi an rubuta wannan aiki gudummawar wane ce, mai yiwuwa ta hannuna ya bi. Na buga allunan rijiyoyi ba iyaka, amma ban taɓa zuwa na duba ko akwai rijiya a bayan allon ba sai a wannan karon.

Wanda ya ja ni tafiyar shi ne Alhaji Mudi, babban ɗan kasuwar taki, wanda ya daɗe yana ba ni aiki. Mutumin kirki ne, wannan ba na ja. Hannunsa a buɗe yake, sai dai yana son a ga lokacin da ya buɗe shi. Mahaifiyarsa 'yar wani ƙauye ce da ake kira Tudun Marke, can bayan Mainika, inda da bazara ta kama rijiyoyi suke ƙafewa ƙaf. Ya haɗa kai da wata ƙungiya mai zaman kanta, mai dogon suna na Turanci da har yau sai na duba nake iya faɗa. Ƙungiya za ta haƙa burtsatse guda ɗaya, shi kuma zai sa tanki da sola. Sharaɗinsu shi ne za su ga ƙauyuka biyu da idonsu, Rafin Gawo a ƙasar Kabo da Tudun Marke a ƙasar Gwarzo, wanda ya fi buƙata shi za a ba. Alhaji ya ɗauki wannan sharaɗi a matsayin ado. Tun kafin a tashi ya sa na buga ƙaton ƙyalle da hotonsa yana murmushi, an rubuta RUWA YA ZO TUDUN MARKE, ya ce in bi tawaga in kafa shi da hannuna kada a karkata masa hula.

Muka tashi da hantsi a motar ƙungiya, irin farar nan mai tsawo da ke sa yara su bi ta da gudu. Shugabar tawagar Malama Rukayya ce, matashiya mai gilashi, mai ladabi, mai gaskiya har ta yi yawa. Sai wani mai ɗaukar hoto da bai cika magana ba, sai direba, sai ni a can baya, na rungume ƙarafan ƙyalle. Alhaji ya riga mu yin gaba zuwa gidansa na Gwarzo don ya shirya mana masauki.

Abin da na fara koya game da mutanen ƙungiya shi ne ba sa kiran abu da sunansa. Talaka a wurinsu mai cin gajiya ne. Ƙauye kuwa al'umma. Tsayawar da muka yi a Rimin Gado don direba ya ci gurasa da tsire, Malama ta ce hutun lafiya ne. Na ci tawa gurasar a tsaye, yaji ya sarƙe ni, na yi ta tari har mai hoto ya ɗaga kyamara, ina jin ya ɗauka na fara zama mai cin gajiya.

Bayan mun wuce Garo muka sauka daga kwalta muka kama burji. Tun daga nesa na gane Rafin Gawo sun san baƙi irinmu, domin a mashigar garin alluna ne jere, wasu sun yi tsatsa, wasu sun kwanta, biyu daga ciki ma aikina ne, na gane rubutuna. Wani siririn mutum ya tarye mu, aka ce shi ne sakataren ci gaban gari. Rigarsa ta yage a kafaɗa, amma yagewar ta yi tsaf, kuma ƙasan rigar na hango gefen shadda mai sitaci. Bai ɓata lokaci da doguwar gaisuwa ba.

"Ranki ya daɗe, mu a nan matsalarmu uku ce, amma ta ruwa ita ce a gaba. Mata da ƙananan yara su suka fi shan wahala. Bismilla mu je ki gani."

Ko zama ba a ce mu yi ba, ballantana ruwa. Ya ja mu kai tsaye zuwa wani kududdufi kore shar, inda mata suka riga suka jeru da jarkoki wayam. Har ya nuna wa mai hoto inda zai tsaya rana ta ba shi baya. Da wata mata ta yi dariya, sai ya harare ta, ta haɗe rai. Malama Rukayya idonta ya ciko. Ni kuwa fitsari ya matse ni, na zaga bayan masallaci, sai ga rijiya an kifa mata zana, igiyar guga a jiƙe jagab, ƙasa duk danshi. Ban ce su masu ƙoshi ba ne, wallahi suna da tasu wahalar. Amma sun san yadda ake saka wahala a gaban mota.

Muka bar garin da yunwa da ƙishi, Malama tana ta cewa ba ta taɓa ganin mutane masu fayyace buƙatarsu haka ba.

Masu tambayata yadda kan iyaka yake, to ga shi. Tsakanin Kabo da Gwarzo babu shinge, babu mai duba fasfo. Allo ne guda na barka da zuwa, ƙafarsa ɗaya ta karye, awaki suna kwance a inuwarsa. Direba ya ce shi ba ya duba allo, da ramukan hanya yake ganewa, wai na Kabo faɗi gare su, na Gwarzo zurfi. Bai rufe baki ba muka faɗa wani mai zurfin, ƙarfen ƙyalle ya daki ƙeyata. Na ce lallai mun shigo.

Gidan baƙin Alhaji a Gwarzo gida ne na gani na faɗa. Kowane ɗaki da na'urar sanyaya ɗaki, sai dai wuta ce babu, janareta kuma an ce an yi gaba da shi ƙauye saboda taron gobe. Wannan magana ta wuce ni a lokacin. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu, irin wanda rabona da shi tun kakata tana da rai. A Kano mun saba a zuba maka a faranti a ce ga naka, a nan kuwa kana cin rabi ana ƙaro malmala, in ka ce ka ƙoshi a ce ai ba ka fara ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sauro suka yi nasu walimar a kaina.

Da asuba Alhaji ya sa aka tashe ni. Ya ce in bi yaransa in riga tawaga isa, in kafa ƙyalle kafin rana ta ɗaga. Da na fito sai na ga abin da za mu raka: akori-kura biyu maƙare da kujerun roba, darduma, rumfuna, buhunan shinkafa, katan-katan na ruwan gora, sannan a bayansu tankar ruwa guda cike, tana ɗiga.

Na ce, "Alhaji, wannan tankar fa?"

Ya ce, "Baƙi za su je garin uwata su rasa ruwan alwala? Malam Nasiru, ai ba a haka."

Muka bi ta Mainika muka kama wata hanya da ko jaki sai ya yi tunani. Muna dab da Tudun Marke muka fara cin karo da mata, suna tahowa daga wani busasshen rafi da ke can nesa da gari, kowacce da jarka ko bokiti a ka. Na leƙa wani bokiti da muka gifta. Abin da ke ciki kalar kunun kanwa ne.

A ƙofar gidan mai unguwa na fara kafa ƙarafa, sai ga wata tsohuwa ta sauke jarkarta kusa da ni tana haki. Gajera ce, ƙaƙƙarfa, zaninta a jiƙe ta gefe ɗaya. Aka ce ita ce Inna Tabawa, ungozomar garin, ƙanwar mahaifiyar Alhaji. Duk wanda ke yawo a garin nan ƙasa da shekara arba'in ita ta yanke masa cibi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da iyali da gajiya da mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga kai ta kalli ƙyallen.

"Wannan Mudi ne? Ya yi ƙiba a nan. Me aka rubuta?"

Na karanta mata.

"Allah ya sa," in ji ta. "Ɗan nan, kai baƙo ne ko ɗan aiki?"

Na ce ɗan aiki ne.

"To kai zan iya gaya maka. Ni na hana Mudi barci a kan ruwan nan. Ka ga mai jego, safe da yamma sai ta yi wanka da tafasasshen ruwa har ta yi arba'in. Yanzu haka masu jego uku gare ni, ɗaya matar ɗana ce. Ruwan daga ina? Sai mun je rafi mun tona yashi har iya ƙugu, mu zauna mu jira ya tsatso, mu kwasa da ƙoƙo. A kawo shi a jira ya kwanta. Bara wata yarinya da na karɓi haihuwarta, jaririn gudawa ta tafi da shi, kuma na san ruwan ne. Ƙafafuna sun fara ƙi, ɗan nan. Ina so in ga famfo a garin nan kafin in kwanta."

Ta faɗi wannan ba kuka ba roƙo, kamar mai ba da labarin farashin gero. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji daɗi a lokaci guda, domin na ce a raina Malama Rukayya tana jin wannan magana an gama.

Sai tanka ta buɗe baki. Jama'a, ban taɓa ganin gari ya sauya kama cikin ɗan lokaci irin haka ba. Aka cika randuna, aka cika durom-durom, aka jera butoci sababbi fil a ƙofar masallaci. Aka yayyafa wa filin taro ruwa don kada ƙura ta tashi, da ruwan da awa ɗaya baya mace za ta yi rabin wuni ba ta samu ba. Aka yi wa yara wanka, wasu na ihu don ba su saba da na safe ba. Maza suka fito da rigunan sallah. Mai tanka ya juya ya tafi abinsa. Ita kuwa Inna Tabawa da kanta na ji tana ba da umarni.

"Ku kai jarkokin rafin nan bayan rumbu ku rufa musu buhu. Kada baƙi su gani su ɗauka mu ƙazamai ne."

Na ce, "Inna, ai su ya kamata su gani."

Ta kalle ni kamar na ce ta fita ba mayafi. "Su ga wannan? A gidanmu? Haba ɗan nan."

Wajen azahar sauran tawaga suka iso, Alhaji a gaba cikin babbar riga. Janareta na ruri, fanka na kaɗawa a ƙarƙashin rumfa. Kafin Malama ta zauna an miƙa mata ruwan gora mai sanyi, kafin ta buɗe an kawo fura da nono, kafin ta kurɓa ga waina, ga dambu, ga farfesun kaji. Daga baya na ji kajin ba na Alhaji ba ne. Kowane gida ya ba da tasa, don kada a ce komai daga birni aka kawo.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, maroƙi ya wasa Alhaji har ya gaji. Sannan Malama ta gyara gilashi ta fuskanci mai unguwa, wani dattijo mai farin gemu da sanyin murya.

"Baba, mun zo ne mu ji halin da kuke ciki game da ruwa. Kuna da matsala?"

Mai unguwa ya dubi Alhaji, ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa.

"Alhamdulillahi, 'yata. Muna cikin rufin asiri. Wanda yake da ɗa irin Alhaji ai ba ya kuka."

Jama'a suka ɗauka da kabbara. Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi irin na jikin ƙyalle. A Kano, in ka tambayi mutum yaya gari, sai ka nemi kujera, don zai fara daga kuɗin wuta ya ƙare a kan surukarsa. A nan kuwa mutum zai iya mutuwa da ƙishi yana ce maka lafiya lau, balle a gaban ɗansu da ya tara musu baƙi. Su ce ba su da ruwa, ai sun ce Alhaji ya bar danginsa a wulaƙance ke nan.

Malama ba ta haƙura ba. Ta ce tana son a kai ta inda suke ɗibar ruwa.

"Da nisa, ranki ya daɗe," in ji mai unguwa. "Ga rana. Ba ma kai baƙo cikin wannan rana ba. Ga abinci kuma zai huce."

Ta ce to za ta shiga wajen mata. Na ce madalla, Inna tana ciki. Ni namiji ba ni da shiga, mai hoto ma ya tsaya daga zaure, amma Malama ta ba mu labari daga baya. Inna Tabawa ta tarye ta da guɗa, ta zaunar da ita a sabuwar tabarma, ta ɗora mata jariri a cinya, ta buɗe mata randa cike da ruwa garai-garai ta ce ta sha. Da Malama ta tambaye ta wahalar ruwa, sai ta ce, "Wahala ai ba a rasa ta, 'yata, amma mun gode Allah. Ci wainar nan." Har ta cika mata mota da kyautar ƙwan zabi da daddawa.

A hanyar komawa na kasa daurewa. Na ce wa Malama ruwan da ta gani tanka ce ta kawo shi da safe. Na gaya mata rafin, da yashin, da jarkokin bayan rumbu, da jaririn bara. Har rijiyar Rafin Gawo mai zana sai da na faɗa. Ta cire gilashi.

"Malam Nasiru, na yarda da kai. Amma me ya sa ba su faɗa ba? Sau nawa na tambaya?"

Na ce, "Ke baƙuwa ce."

Ta karɓi kyamara tana duba hotuna. Ga Rafin Gawo, mata a layi, kore ruwa, fuskoki a murtuke. Ga Tudun Marke, yara fes-fes, randuna a cike, butoci a jere, ga ta ita kanta da cinyar kaza a hannu.

Ta ce, "Masu ba mu tallafin nan suna wata ƙasa. Ba su san rufin asiri ba, hoto suka sani. In tura musu wannan in ce nan ne babu ruwa?"

Duk da haka ta yi ƙoƙari. Da muka tsaya a Gwarzo ta roƙi Alhaji a ba ta dama ta koma da sassafe ba sanarwa, ta bi mata rafi da kyamara. Fuskar Alhaji ta sauya.

"A ɗauki Inna tana tonon yashi a nuna wa Turawa? Ina raye? Malama, in abin ya kai haka ku bar shi. Ni zan haƙa musu da kaina, bayan kaka in sha Allahu."

Na san Alhaji, da gaske yake a lokacin da yake faɗa. Na kuma san bayan kaka akwai aikin Hajji na surukai, akwai masallacin da ya fara a unguwarsu, wanda ke bakin titi inda kowa ke gani.

Ba sai na ja ku ba. Burtsatse ta tafi Rafin Gawo, da tankin Alhaji da solarsa, tunda ya riga ya yi alkawari a gaban mutane. Ni na buga allon, kuma ya yi kyau.

Bayan 'yan makonni na koma Tudun Marke a kan acaɓa don in kwaso ƙarafana, don ba su da arha. Na tarar da ƙarafan a zauren mai unguwa, ƙyallen kuwa aka ce yana rafi. Na taka har can. Tafiya ce mai nisa, ban yi zaton ta kai haka ba. Na same shi an ɗaure shi a kan sanduna huɗu an yi rumfa, Alhaji yana kallon sama yana murmushi, RUWA YA ZO TUDUN MARKE, a ƙarƙashinsa mata suna zaune a bakin ramuka suna jiran ruwa ya tsatso. Inna Tabawa tana cikin wani rami har ƙugu, da ƙoƙo a hannu.

Ta gane ni. Muka gaisa, ta tambayi gida da iyali da mutanen birni. Ta ce ƙyallen nan ya yi musu rana, inuwarsa ta fi ta zana. Kafin in kawo maganar burtsatse, sai ita ta rage mini aiki.

"An ce Rafin Gawo aka ba. Allah ya sa su amfana, su ma bayin Allah ne." Ta juye ƙoƙo a jarka. "Ni dai abu guda nake son ji, ɗan nan, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Yarinyar nan mai gilashi, ba ta ga gazawarmu ba dai ko? Ba ta tafi da abin faɗa a kanmu ba?"

Na ce, "Ba ta gani ba, Inna. Ta ce ba ta taɓa ganin karamci irin naku ba."

Fuskarta ta washe, har na ga gibinta.

"To alhamdulillahi. Allah ya rufa mana asiri." Ta dubi jarkar, ta dube ni. "Ka yi haƙuri ban ba ka ruwa ba, bai kwanta ba tukuna. Kama mini in ɗora, mai jego tana jira."

Na kama mata.